Yarinyar da ta daina zama inda kike

Tambaya: "Anti, wata uku ke nan da fara aikina a wani gidan kula da matasa a Winnipeg. Kusan duk yaran 'yan asalin Kanada ne, wato jikokin mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Akwai wata mai shekara 15, in na yi mata magana ba ta kallona, ba ta amsawa. Sau uku tana guduwa, kuma na ga tabon yanka a hannunta. Na yi mata nasiha, na ce mu ma a gida mun ga tashin hankali amma ba mu cutar da kanmu ba. Tun ranar ko zama inda nake ba ta yi. Yaya zan yi? Sannan suna da wata al'ada ta hayaƙi, ni kuma Musulma ce, ban san inda zan tsaya ba."

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kuskuren nan da kika yi, ni ma na yi shi a shekarata ta farko, har ma nawa ya fi naki muni, domin ni a gaban sauran yara na yi. Wani yaro ne ya fasa taga, na tsaya ina gaya masa yadda ake tarbiyya a garinmu. Ya saurare ni har na gama, bai ce uffan ba, sai da aka yi wata biyar kafin ya sake amsa gaisuwata. Saboda haka ba faɗa zan yi miki ba. Amma dole mu fara da waccan maganar taki, don a cikinta matsalar take.

Gaskiya ne mun ga tashin hankali. Sai dai ki tuna abin da ya rage a hannunmu bayan tashin hankalin. Bature ya ci Kano da Sakkwato a 1903, ya yi mulki fiye da shekara hamsin, amma bai bi gida-gida yana kwashe yara daga cinyar iyayensu ba, bai kuma doki kowa don ya yi Hausa ba. Da ya tafi, ya bar mu da harshenmu, da kakanninmu, da wanda zai ce miki ke 'yar wane ce, jikar wance. Duk wahalar da kika sha, akwai zauren da za ki koma a san ki. Mutanen yarinyar nan, wannan zauren aka nufa da rushewa, kuma da gangan.

A 1876 aka kafa dokar da ta sa rayuwar 'yan asalin ƙasar a hannun gwamnatin tarayya. Daga nan aka faɗaɗa makarantun kwana waɗanda gwamnati ke biya, coci-coci ke gudanarwa. Yara wajen 150,000 suka bi ta cikinsu. A aske wa yaro gashi, a canza masa suna, wani lokaci a ba shi lamba, a raba shi da 'yar'uwarsa ko da suna makaranta ɗaya, a hukunta shi in ya yi yaren uwarsa. Yunwa, tarin fuka, duka da lalata da yara sun yi yawa, dubbai ba su koma gida ba. Kada ki ɗauka labarin zamanin da ne. Makarantar Gordon da ke Saskatchewan sai a 1996 aka rufe ta. Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a 2008, kwamitin gaskiya da sasantawa ƙarƙashin alƙali Murray Sinclair, wanda shi kansa ɗan Manitoba ne, lardin da Winnipeg take ciki, ya fitar da rahotonsa a 2015 da buƙatu 94. Ke nan ba abin mamaki ba ne in kakar yarinyar nan ta yi irin wannan makaranta.

Ɓarnar da ta fi zurfi ita ce wadda ba ta fito a hoto. Yaron da ya tashi daga shekara shida zuwa sha shida babu wanda ya taɓa rungumarsa, babu wanda ya rarrashe shi da dare, in ya haifi nasa, ina zai samo abin da zai ba shi? Wasu sun samo, da ƙarfin hali mai ban mamaki. Wasu kuwa kwalba suka samu. Sai gwamnati ta dubi gidajen da ita ce ta karya su, ta ce ba su dace da yara ba, ta sake kwashewa. Daga shekarun 1960 zuwa 1980 an ɗauke dubban yara an ba iyalan Turawa, wasu har Amurka da ƙetaren teku. Yau ma ƙidayar 2021 ta nuna cewa a cikin yara 'yan ƙasa da shekara 15 da ke hannun masu riƙo, kashi 53.8 cikin ɗari 'yan asalin ƙasa ne, alhali kashi 7.7 ne kawai na yaran Kanada. A Manitoba kuwa wajen tara cikin goma ne.

Na kawo miki wannan ne don ki san rigar da kika sa ranar da kika karɓi aikin. Ke baƙar fata ce, baƙuwa, ba kakanki ya gina makarantun ba. Amma ke ce mai makullin ƙofa, ke ce mai rubuta rahoto, ke ce mai kiran 'yan sanda in ta yi dare. A idonta kina layi ɗaya da duk waɗanda suka taɓa zuwa da mota suka ɗauki wani a danginta. Ba za ki cire wannan rigar da baki ba. Da hali ake cire ta, kuma a hankali.

Bari in yi wata 'yar ratse. Mutanenmu da yawa in sun sauka Winnipeg, kafin su yi wata guda sun koyi cewa "waɗannan 'yan shaye-shaye ne, gwamnati na ba su kuɗi a banza." A bas ake koyonsa, a wurin aiki, a bakin waɗanda suka riga mu zuwa. Ki kula da kanki da wannan. A 2008 wani mutum mai suna Brian Sinclair ya zauna a kujerar guragu a ɗakin jiran gaggawa na wani asibiti a garin nan tsawon awa 34 har ya rasu, da ciwon da magani kaɗan zai warkar, saboda masu wucewa sun ɗauka a buge yake ko barci ya zo yi. Irin wannan zato kisa yake yi, kuma yara suna jin ƙamshinsa a jikin mutum tun kafin ya buɗe baki.

Yanzu ga yarinyar. Rashin kallon ido da shirun nan suna iya zama abu biyu, kuma ke ya kamata ki fi kowa ganewa. A al'ummomin 'yan asali da yawa irin su Cree da Anishinabe, ƙura wa babba ido rashin kunya ne, kamar dai a wurinmu, kuma yin shiru kafin amsa alamar an ɗauki maganar da nauyi ce. Ma'aikatan Turawa sukan rubuta "ba ta ba da haɗin kai" a kan abin da kakarki za ta kira ladabi. Na biyun kuma shi ne tsoro da ya zauna a jiki. Wanda ya daɗe cikin haɗari, jikinsa yana koyon zama a shirye, ko da haɗarin ya wuce. Takun ƙafa a baranda, ƙarar ƙofa, warin wani turare, hannu a kafaɗa daga baya, kowanne yana iya tayar da bugun zuciya kafin tunani ya iso. Daga nan ɗayan uku: faɗa, gudu, ko sandarewa. Yaron da ya fasa min taga na farko ya yi. Yarinyarki tana yin na biyu da na uku. A wannan halin nasiha ba ta shiga, ko da mai daɗi ce, kamar ki yi wa mai nitsewa a ruwa wa'azin iyo.

Abu na farko da za ki yi, ki ba ta haƙuri. Gajere, ba tare da kin tsare ta ba. Ki ce: "Abin da na faɗa ranar bai dace ba. Ban san abin da kika gani ba, bai kamata in gwada shi da nawa ba." Ki wuce abinki. Kada ki jira amsa, kada ki ƙara da "amma". Mai yiwuwa ne a rayuwarta babu babban da ya taɓa cewa ya yi mata laifi.

Bayan haka kada ki nemi labarinta. Na san yadda zuciya take so ta ji me ya faru, kuma akwai masu ganin in ta faɗa za ta huce. Yarinyar da ta shiga hannun hukuma ta riga ta ba da labarin nan ga 'yan sanda, ga ma'aikacin walwala, ga likita, ga wani sabon ma'aikacin da ya maye gurbin na farko, kuma kowane ba da labari ya jawo mata sabon ɗaki da sababbin fuskoki. Tono ciwon aikin ƙwararren mai ba da shawara ne, a lokacin da ita ta shirya. Naki aikin shi ne ki zama mutumin da za ta iya hasashen abin da zai yi. In kin ce Talata za ki zo, ki zo Talata. In za ki tafi hutu, ki gaya mata tun da wuri, da ranar dawowa. Ki ƙwanƙwasa kafin ki shiga ɗakinta, ki jira. Kada ki taɓa ta sai kin tambaya, ki danne wannan ɗabi'ar tamu ta dafa kafaɗa da jan hannu. Ki riƙa ba ta zaɓi a ƙananan abubuwa: ƙofa a buɗe ko a rufe, yanzu za ta ci ko an jima. Wanda aka saba yanke masa komai, zaɓin cokali ma wani abu ne.

Kuma ki daina zaunar da ita gaba da gaba. Maganar da na taɓa samu mai amfani daga matasan nan, kusan duk a mota na same ta, ko a kicin muna soya burodinsu da suke kira banok, ko muna zaune ana saƙa duwatsun ado, ido yana kan hannu. Wata yarinya sai da ta koya min ɗinkin duwatsu na mako shida tana dariyar yadda hannuna yake karkacewa, sannan wata rana, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce min ƙaninta yana wani gida kuma ba ta san wanne ba. Ashe duk gudun da take yi nemansa take.

Wannan ya kawo mu ga gudun. Tambayar da ta fi amfani ita ce ina take zuwa, kuma wa take nema. Sau da yawa gida ne, ko kaka, ko ƙanne. In haka ne, maganin shi ne a nema mata ziyara ta halal ta hannun ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinta, ki matsa a kan haka a rubuce. Amma kada ki raina haɗarin. Akwai maza a garin nan da sana'arsu ita ce farautar 'yan matan da ke hannun hukuma, da kyautar waya, da ƙwaya, da "ni kaɗai nake sonki". Sabuwar waya da ba ki san mai saye ba, mota mai jira a kwana, saurayi da ya girme ta sosai, duk ki kai rahoto. Kowa a aikin nan ya san sunan Tina Fontaine, 'yar al'ummar Sagkeeng mai shekara 15, wadda aka tsamo gawarta daga kogin Red a watan Agustan 2014. Tana hannun hukumar kula da yara a lokacin, an ajiye ta a otal, kuma a kwanakinta na ƙarshe ta bi ta hannun 'yan sanda da asibiti. Mutuwarta na cikin abin da ya tilasta binciken ƙasa kan mata da 'yan mata 'yan asali da suka ɓace ko aka kashe, wanda ya fitar da rahoto a 2019. Ita ce kuma ta sa aka farfaɗo da sintirin Bear Clan, mutanen unguwa masu zaga titunan North End da dare. Ki san su, ki san cibiyar matasa ta Ndinawe da ke buɗe ba dare ba rana, domin yarinyar da ba za ta kira ki ba tana iya shiga can.

Yadda kika tarbe ta in ta dawo shi ne zai yanke ko za ta sake dawowa. Abinci, ruwan wanka, "na ji daɗi da kika dawo lafiya." Tambayoyi sai gobe. In abin da ke jiranta a ƙofa faɗa ne da ƙwace waya, kin koya mata cewa can waje ya fi sauƙi.

Maganar yanka. Yawanci mai yankan jikinsa yana neman hanyar rage wani zafi ne da ya fi ƙarfinsa, ko ya ji wani abu in jikin ya mutu murus. Ba lallai yana son mutuwa ba, amma haɗarin kashe kai ya fi yawa a wurinsa, don haka ba a kawar da kai. Kada ki nuna firgita, kada ki sa ta rantse ta daina. Ki duba raunin in ta yarda, ki sanar da shugabarki a ranar, ki tabbata akwai tsarin kariya a rubuce, a kulle magunguna da abubuwa masu kaifi. Kuma ki koyi yin tambayar kai tsaye: "Kina tunanin kashe kanki?" Na san bakinmu yana nauyi a nan, muna jin kamar ambato kira ne. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. In ta ce e, kada ki bar ta ita kaɗai. Akwai lambar 988 da aka buɗe a faɗin Kanada a ƙarshen 2023, akwai kuma layin Hope for Wellness na 'yan asalin ƙasa, inda ake iya neman mai magana da Cree, Ojibwe ko Inuktitut. In akwai haɗari nan take, 911. Ki nemi wurin aikinki su tura ki horon taimakon farko kan kashe kai, kwana biyu ne.

Kada ki taɓa yi mata alkawarin rufe sirri. Dokar Manitoba ta wajabta wa kowa kai rahoto in yaro yana cikin haɗari. Ki gaya mata wannan tun kafin ta fara magana, ki ce in dole ta kama ki faɗa wa wani, ita za ki fara gaya wa. Sannan ki kula da alƙalaminki. Fayil ɗin nan zai bi ta shekaru, wata rana da kanta za ta karanta. Rubuta abin da kika gani: "ta fita ƙarfe tara bayan wayar mahaifiyarta." Kada ki rubuta hukunci irin "mai taurin kai ce."

Yanzu abin da na fi so ki riƙe. A 1998 wasu masana biyu, Michael Chandler da Christopher Lalonde, suka duba al'ummomin 'yan asali kusan 200 a British Columbia. Suka tarar kashe kai tsakanin matasa bai bazu daidai ba: wasu garuruwan abin ya yi muni ƙwarai, wasu kuwa ko ɗaya babu. Garuruwan da suka riƙe ragamar mulkin kansu, makarantunsu, kiwon lafiyarsu, da wuraren al'adunsu, su ne suka fi tsira. Wani binciken da ya biyo baya a 2007 ya nuna inda aƙalla rabin mutane ke iya hira da yarensu, abin ya yi ƙasa sosai. Ma'ana, maganin yarinyar nan yana wurin mutanenta, a cikin abin da aka yi shekara ɗari ana ƙoƙarin kashewa. Ke hanya ce zuwa can.

To ki fara da sanin ita wace ce. Cree ce, Anishinabe, Oji-Cree, Dakota, Dene, Metis ko Inuit? Bambancinsu ya kai na Bahaushe da Bayarabe. Wane gari? Wasu garuruwan arewa sai da jirgin sama ake zuwa, ko ta hanyar ƙanƙara da hunturu, don haka yarinyar da aka kawo Winnipeg tana iya shekara ba ta ga gida ba. Akwai kaka, wadda Cree ke kira kokum? Akwai wata inna? Ki tambayi cibiya irin Ma Mawi Wi Chi Itata yadda za a haɗa ta da dattijuwa, da zangon daji inda ake koyon kamun kifi da jima, da ajin yare. Dokar tarayya da ta fara aiki a Janairun 2020 ta sa dangi da al'umma a gaba wajen riƙon yaro, kina da abin kafa hujja. In kuɗi ne cikas, ki tambayi ma'aikacinta batun ƙa'idar Jordan. Sunan wani yaro ne ɗan garin Norway House, Jordan River Anderson, wanda ya rasu a asibiti a 2005 yana shekara biyar, bayan ya shafe fiye da shekara biyu yana jiran gwamnatin tarayya da ta lardi su gama gardamar wa zai biya kuɗin kula da shi a gida. Yanzu ana neman taimako da sunansa ga yaran First Nations, wato 'yan asalin da ba Metis ko Inuit ba. Takardun suna jinkiri, ki fara da wuri. Kada ki tilasta mata al'ada kuma. Wasu yaran Kiristoci ne, wasu kunyar rashin sanin yarensu ce take sa su ja baya. Ki buɗe ƙofa ki bar ta a buɗe.

Batun hayaƙi. Ganyaye ne suke ƙonawa, su shafa hayaƙin a fuska da ƙirji, da nufin tsarkake zuciya da addu'a. Ibada ce a wurinsu, kuma ni ba na yi. Abin da nake yi shi ne in tsaya a da'irar cikin natsuwa, in kwanon ya iso gabana in sa hannu a ƙirji in ɗan ja baya. Wannan hanya ce da su kansu suka sani, kuma a duk shekarun nan ba dattijon da ya taɓa matsa min. Wata dattijuwa ma ita ce take tuna min lokacin la'asar. Hukuncin addini ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Abin da zan ce miki ta fuskar aiki shi ne kada ki yamutsa fuska, kada ki buɗe taga kina fifita hanci, kada ki hana ta. Har zuwa 1951 doka tana hukunta mutanen nan a kan manyan bukukuwansu na ibada. Kuma kada ki yi mata wa'azi. Na san niyyarki alheri ce, amma yarinyar da aka raba kakanninta da addininsu da bulala, kuma take ƙarƙashin ikonki, ba ta da 'yancin ce miki a'a. In ta tambaye ki dalilin ɗankwalinki ko azuminki, ki amsa mata a taƙaice kamar yadda za ki amsa wa maƙwabciya. In za a nemi taimakon dattijo, al'adarsu ce a miƙa masa ɗan ƙullin taba. In ranki bai kwanta ba, ki roƙi abokiyar aiki ta miƙa.

Ke ma ki kula da kanki. Ranar da kika fara mafarkin yaran, ko kika ga kina yi wa naki 'ya'yan tsawa ba dalili, ki gaya wa shugabarki, ki nemi mai ba da shawara na ma'aikata. Kada ki ba ta lambar wayarki, kada ki ce mata "ni ce uwarki yanzu", ko da bakinki ya saba da haka. Tana da uwa, kuma ke wata rana za a canza miki wurin aiki.

Bayan ban haƙurin, ki sa ran za ta gwada ki. Tana iya zaginki, tana iya sake guduwa a daren da kike aiki, don ta ga ko ke ma za ki nemi a mayar da ita wani gida kamar na baya. Ki zo aiki washegari, ki gaishe ta kamar kullum. Ki rubuto min bayan wata biyu, ki gaya min garinsu da ko an samo kakar.